Murhu, Hayaƙi da Jin Ɗumi a Lokacin Hunturu

Mai karatu, ka san yadda gari yake wayewa a Parakou da Djougou idan hunturu ya kama, tun daga watan Disamba har zuwa Fabrairu. Hazo ya rufe sama, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi. Da asuba yara suna rawar ɗari, tsofaffi sun kewaye wuta suna miƙa hannu. A waɗannan watanni ne kuma bencin asibiti yake cika da masu tari, da jarirai masu numfashi sama-sama, da yaran da suka faɗa wuta. Mutane sukan ce sanyi ne ya kawo. Sanyi da ƙura suna da nasu laifi. Amma wani babban kaso na wannan wahala, wutar da muke hurawa don mu dafa abinci mu kuma kori sanyin ce take jawo shi.

Ka taɓa jin labarin murhu mai tsimin itace, wataƙila ma akwai shi a gidanku. Waɗansu sun karɓe shi hannu biyu. Waɗansu sun ƙi. Waɗansu kuwa sun karɓa, sun yi girki da shi wata ɗaya ko biyu, yanzu yana bayan ɗaki kaza tana ƙwai a ciki. Mu ba masu sayar da murhu ba ne. Abin da ya dame mu shi ne huhunka da na iyalinka. Don haka bari mu duba dalilin kowane ɓangare tsakani da Allah, domin a cikin dalilan masu ƙi akwai guda ɗaya wanda yake iya zama sanadin rai.

Ina zafin yake tafiya?

A murhun gargajiya mai duwatsu uku, wuta a fili take. Iska tana kaɗa ta ta ko'ina. Idan aka kasa zafin itacen kashi goma, wajen kashi ɗaya ne ko ɗaya da ɗan abu yake shiga tukunya. Sauran ya bi iska. Wato uwar gida ta ɗauko dami tun daga daji, amma ƙirare kaɗan ne daga ciki suka dafa tuwon.

Dabarar sabon murhu ba wata mai wuya ba ce. An kewaye wutar da bango na laka ko na ƙarfe, an bar ƙaramar ƙofa ta sa itace, tukunya kuma ta zauna daram a ciki, harshen wuta yana lasar gindinta da gefenta kafin ya fita. Na gawayi kuma ana yi masa ciki da gasasshen yumɓu wanda yake riƙe zafi, da 'yar ƙofa a ƙasa wadda za ki buɗe idan kina son wuta ta tashi, ki rufe idan miya ta fara tafasa. Tsohon kurfoti ba shi da wannan, shi ya sa yake cin gawayi kamar ba da kuɗi aka saya ba.

A nan Benin akwai iri-iri. Akwai Nansu na gawayi. Akwai Wanrou na laka, wanda ƙungiyar Eco-Benin ta yaɗa a ƙauyukan da suke kewaye da gandun dajin Pendjari. Hukumar GIZ ta ƙasar Jamus kuma ta tallafa wa maƙera da magina tukwane su riƙa yin murahu masu inganci da tambarin Anfani, sunan da duk mai jin Hausa zai gane ma'anarsa ba sai an fassara masa ba. A Nijar ma nasu na ƙarfe sunan Hausa gare shi, Mai Sauƙi.

Nawa yake ragewa? Mai talla zai ce rabi. Wani lokaci hakan ya kan yiwu, idan murhun sabo ne, itacen busasshe, mai girkin kuma ta iya shi. Amma a wani bincike da aka yi a ƙauyukan Senegal, inda aka auna itacen da mata suke ƙonawa a gidajensu, an ga ragin ya kai kusan kashi 30 cikin 100. Ka sa ranka a kan wajen wannan, kada ka ce an yaudare ka.

Abin da yake sa mutane su karɓa

A cikin gari, kuɗi ne. Mai zama a Zongo a Parakou ba ta da dajin da za ta shiga, komai saye ne. Mu ce, alal misali, gidanku kuna ƙona gawayin sefa 300 kowace rana. A wata ya zama 9,000. Idan sabon murhu ya rage kashi ɗaya cikin huɗu kawai, an tsira da sefa 2,250 a wata. Sai ki tambayi kuɗin murhun a kasuwar Arzèkè, ki lissafa da kanki wata nawa zai ɗauka kafin ya biya kansa. Masu tuyar ƙosai da awara, da masu dafa wake da shinkafa na sayarwa, su ba sa bukatar dogon bayani, domin kowace yamma suna ganin bambancin a cikin cinikinsu.

A ƙauye lissafin dabam ne. Itace ba a saya, saboda haka maigida ya kan ce kyauta ne. Ba kyauta ba ne. Da wuya da baya da ƙafar mace ake biya, da kuma lokacin makarantar 'ya mace. Kowace tsohuwa a ƙauyukan Donga za ta iya nuna maka inda suke yin itace suna 'yan mata, da inda ake zuwa yanzu. Wadda take shiga daji sau uku a mako, idan ya koma sau biyu, ta san abin da ta samu.

Akwai kuma ƙananan dalilai waɗanda ba a raina su. Tukunya ba ta yin baƙi sosai. Iska ba ta watsa tartsatsi zuwa dangar kara. Yaro mai rarrafe ba ya kai hannu cikin garwashi da sauƙi. Sannan akwai ido: maƙwabciya ta yi, girkinta yana sauka da wuri, ke ma sai ki so.

Ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyi su kuma maganar daji suke yi. Gaskiya suke faɗa. Duk wanda ya bi hanyar Bassila ko ta Tchaourou ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi suna jiran motar da za ta kai su Kwatano, kuma kowane buhu itatuwa ne da aka sare. Sai dai da wuya ka ga macen da ta ciri kuɗin adashinta ta sayi murhu saboda dajin Wari-Maro. Haka kuma da wuya ka ji wadda ta ce ta saya ne don lafiyarta, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba mu mamaki, ko da yake mun san dalili. Hayaƙi ba ya kayar da mutum rana ɗaya. Ido ya yi ruwa, a share da bakin zane, a ci gaba. Uwa ta shaƙa, kaka ta shaƙa, sai ya zama kamar wani ɓangare ne na zaman aure.

Amma ɗaga kanki ki dubi rufin madafarki. Wannan baƙar kunkunniya da ta lulluɓe azara, irinta ce take sauka cikin huhu kowace rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Ga yara, ciwon haƙarƙari ne, wato limoniya. Ga manya, tari mai daɗewa da toshewar numfashi, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, da yanar ido. Mace mai ciki da take yini cikin hayaƙi kuma ta fi haɗarin haihuwar jariri mara nauyi.

Masu ƙi ma suna da hujja

Kada a ce jahilci ne. Matar da take tuƙa tuwon mutum goma sha biyar tana bukatar murhun da ba zai motsa ba idan ta sa ƙarfi a muciya. Idan aka ba ta ƙaramin murhun ƙarfe mai rawa, dole ta koma kan duwatsunta, kuma ta yi daidai. Tukunyar dafa doya ta sakwara, ko ta kaɗanya, ko ta daddawa, ba kowane murhu take hawa ba. Ƙofar sabon murhu ƙarama ce, sai an faskara itace, kuma wa zai faskara? Na laka yana tsagewa, idan ba a yaɓe shi ba ya lalace kafin damina ta fita. A jihar Odisha ta ƙasar Indiya an bi gidajen da aka gina wa sababbin murahu har shekara huɗu. A shekarar farko hayaƙin da mata suke shaƙa ya ragu. Daga baya amfanin ya ɓace, domin murahun sun lalace ba a gyara ba, mutane sun koma na da.

Akwai kuma maganar wanda yake riƙe da kuɗi. Sau da yawa maigida ne mai kuɗin cefane, uwar gida ce mai shan hayaƙi. Maigida, a nan da kai muke. Ka shiga madafa ka zauna daga ɗora tukunya har sauke ta, sau ɗaya tak, sannan ka yanke shawara.

Waɗansu sukan ce hayaƙi yana korar sauro, yana hana ƙwari cin jinka, yana tsare irin masarar da aka rataye. Maganar iri da jinka akwai gaskiya a ciki. Amma sauro, gidan sauro mai magani ya fi hayaƙi aiki nesa ba kusa ba, kuma ba ya sa yaro tari.

Hujja ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, kuma masu tallar murhu ba su cika ambatonta ba. Tsohon murhu ba girki kaɗai yake yi ba. Shi ne fitilar tsakar gida, shi ne wurin hira, shi ne kuma abin jin ɗumi. Wancan zafi kashi tara da muka ce yana bin iska, a watan Janairu ba asara ba ne a wurin tsohon da yake zaune kusa da shi. Sabon murhu kuwa an yi shi ne musamman don ya hana zafi fita. Iyakar kyansa, iyakar rashin ɗuminsa. To, idan dare ya yi sanyi ya sauko, me mutane suke yi? Sai a kwashe garwashi a kasko, ko a ɗauki kurfotin ɗungum, a shiga da shi ɗakin kwana, a rufe ƙofa da taga, a toshe kafofi da tsumma.

Garwashi a rufaffen ɗaki

Ka karanta wannan sashe da kyau, ka kuma karanta wa wanda bai iya ba.

Gawayi idan yana ci, yana fitar da wata iska mai guba wadda likitoci suke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Garwashin da ya yi ja, wanda ba ya hayaƙi ko kaɗan, wanda kake gani kamar ya gama zama lafiya, yana fitar da ita. A tsakar gida iska tana kwashe ta. A rufaffen ɗaki taruwa take yi. Idan ta shiga huhu sai ta kama jini, kamun da ya fi na iskar kirki ƙarfi fiye da sau 200. Jini ya ci gaba da zagayawa, amma ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata. Mai barci ba ya farkawa ya gudu, barcin ne yake ƙara nauyi.

Sabon murhun gawayi bai tsira daga wannan ba. Ko Nansu ne, ko kurfoti, ko kasko, duk ɗaya ne a ɗakin kwana. Janareto ma haka, ko a zaure aka ajiye shi ko a gindin taga.

Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko amai, kasala, da rikicewar tunani. Suna kama da zazzaɓin cizon sauro, sai dai jiki ba ya zafi. Ga abin da zai sa ka gane: mutum biyu ko uku da suka kwana ɗaki ɗaya sun tashi da ciwo iri ɗaya, kuma da sun fita waje sai su ɗan ji sauƙi. Idan abin ya yi muni aka tarar da mutane a sume, sau da yawa akan zargi abincin dare, ko sammu, ko iska, har a ɓata zumunci a kan abin da kaskon wuta ya aikata.

Idan ka tarar da haka, buɗe ƙofa da taga nan take, ka fito da kowa waje. Wanda ya suma a kwantar da shi a gefensa. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, zai iya shaƙewa. A kawo shi asibiti da gaggawa, a kuma gaya wa likita cewa akwai garwashi a ɗakin, domin maganin shi ne iskar oksijin, kuma wannan kalma ɗaya za ta sa a ba shi ba da ɓata lokaci ba. Mace mai ciki ta zo ko da ta ji ta warware, saboda gubar ta fi daɗewa a jinin ɗan da yake cikinta.

To, da me za a ji ɗumi?

Sanyinmu ba irin na Turai ba ne. Dare ne da asuba, kuma abin da ake bukata shi ne a riƙe ɗumin da jiki da ɗaki suke da shi. Ka lura ɗakin laka mai rufin ciyawa ya fi ɗakin kwano ɗumi da dare, kamar yadda ya fi shi sanyi da rana. Bangon laka yana shan zafin rana ya sake shi a hankali. Kwano kuwa da rana ta faɗi ya huce. Idan ɗakinka na kwano ne, ka yi masa silin, ko na katako ko na zana ko na tabarma. Zai taimake ka a hunturu, ya sake taimakonka a zafin watan Maris. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, sai ka sa labule mai kauri ko ka gyara tagar wannan gefe. Kada a kwanta a kan siminti da tabarma ɗaya, a sa katifa ko kwali ko buhu a ƙasa. Hula da safa da bargo sun fi kaskon wuta arha idan ka lissafa gawayin wata uku. Tsoho kuma a zuba masa ruwan ɗumi a gora mai murfi, a naɗe da zane, ya sa a ƙafa.

Wanda yake son jin ɗumin wuta, ya ji a tsakar gida ko a rumfa, a kashe ta kafin a shiga barci. Mai farfaɗiya kada ya zauna bakin wuta shi kaɗai. Idan wani ya ƙone, a zuba ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, kada a shafa ƙwai ko man goge baki ko toka.

Ɗakin mai jego shi ne inda aka fi kai wuta, kuma da kyakkyawar niyya ake yi. Gaskiya ne jariri sabon haihuwa yana saurin yin sanyi, kuma sanyi yana iya kashe shi. Amma murhun da ya fi dacewa da shi shi ne ƙirjin uwarsa. A ɗora shi fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe su tare, a riƙa ba shi nono. A jinkirta wankan farko har kwana ɗaya, kuma kada a yi masa wanka da asuba cikin ɗari. Ita ma uwar zafi mai yawa ba gata ba ne. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi da yawan shan kunun kanwa. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, ko take haki idan ta kwanta, a kawo ta.

Sabon murhu zai raba mu da tari?

Ba za mu yi maka alkawarin da ba za mu iya cikawa ba. Rage itace abu ɗaya ne, rage hayaƙi abu ne dabam. A ƙasar Gwatemala an gwada murhu mai bututun da yake fitar da hayaƙi waje. Hayaƙin da yara suke shaƙa ya ragu da wajen rabi, limoniya mai tsanani kuma ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku. A Malawi kuwa an raba murahu masu ci da tsabta, aka bi yara fiye da 10,000, amma ba a ga limoniya ta ragu ba. Yaro ba hayaƙin murhun uwarsa kaɗai yake shaƙa ba. Akwai na maƙwabta, akwai na shara, akwai na tsohon murhu da ake hurawa a gefe.

Gas ya fi duka tsabta, kuma tukunyar kilo 6 ba baƙuwa ba ce a Parakou da Djougou. Mun san tsada da tsoron fashewa suna hana mutane da yawa. Wanda ya samu hali ya yi, ya koyi duba tiyo da rufe kan tukunya bayan girki. Wanda bai samu ba, akwai abin da zai yi yau ba da ko dala ba. A yi girki a waje ko a rumfa mai iska. Idan dole sai a ɗaki, a buɗe kafa a sama kusa da rufi, wata kuma a bangon da yake fuskantarta. A yi amfani da busasshen itace, ɗanye shi ne sarkin hayaƙi. Kada a kunna wuta da leda ko roba. A rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare. Uwa kuma ta sauke goyo kafin ta durƙusa hura wuta, ta ba wani ya riƙe shi nesa da madafa.

Idan za ki sayi murhu, ki tafi da tukunyarki ki gwada ta a kai. Ki girgiza shi ki ga ko zai jure tuƙi. Ki tambaya wa zai gyara idan yumɓun ya fashe. Idan na laka ne, ki tsaya a gina shi a gabanki don ki iya yaɓe shi da kanki.

Yaron da yake tari a wannan lokaci, ki ɗaga rigarsa yana kwance shiru, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya da agogon waya. Idan bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara 1, 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Idan ya kai haka, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, kada a jira ranar kasuwa ko dawowar maigida daga gona. A kawo shi asibiti ko wurin shan magani mafi kusa a ranar, ko da dare ne.